Kujerar Da Na Mayar

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum 'yan'uwana mata na unguwannin Madain Fahd da Sharafiyya da Khumra a nan Jidda, da duk wadda wannan takarda ta faɗo hannunta.

Ni ba malama ba ce. Ajin yaƙi da jahilci kawai na yi a Gumel kafin mu taho aikin hajji ni da marigayi maigidana, muka zauna ba mu koma ba. Idan kun ga rubutun ya karkace ku yi mini haƙuri. Mata da yawa sun zo mini gaisuwa suna tambayar yadda abin ya faru, ni kuma da na fara sai muryata ta ƙi fita. Shi ya sa na sayi littafin 'yan makaranta na zauna. Sunayen da ke ciki duk na canza su, kun san dalili. Guda ɗaya ne kawai ban canza ba.

Yaron nawa ɗan fari ne. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Shekara ashirin da shida ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. “Kai” nake ce masa, ko in ce “wannan yaron”. Yana yi mini tsiya a kai. Ya ce, “Inna, iyayen Larabawa har ihu suke yi da sunan 'ya'yansu daga taga, ke ko raɗa ba kya yi.” Sai in ce masa ya tashi ya ba ni wuri.

A nan Jidda aka haife shi, a ɗakin haya, don ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, balle mu je asibiti. Ya girma ba shi da takarda ko ɗaya. Ƙanwar maigidana, Maryam, ita Allah ya yi mata gyaɗar dogo: mijinta yana da kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa a wajen hukuma, ita da ɗanta Abdurrahman duk suna da iƙama. Wata bakwai ne tsakanin yaran, kuma kamarsu ɗaya har wushirya. Kafilin Abdurrahman yana da injin ƙanƙara a wani ɗan tsibiri can kudu, gaba da Jizan, inda masunta ke sayen ƙanƙara su zuba wa kifi. Ya aiko cewa Abdurrahman ya tafi can aiki. Shi kuwa bai daɗe da aure ba, ga wani gareji a Khumra da yake samun na abinci. Nawa kuma yana zaune ba aikin yi sai dako. Sai muka zauna mu huɗu a ɗakin Maryam muka yi abin da da yawanmu ke yi a garin nan. Abdurrahman ya zaro iƙamarsa ya miƙa masa. Kafilin ma'aikatansa sun yi yawa, bai san fuskar kowa ba.

Ranar tafiyarsa ya yi ta juya takardar yana dariya. “Inna, yau na zama mutum. Ga hoto, ga hatimi.”

Shekara biyu ya yi a can suna kiransa Abdurrahman. Yana aiko mini da kaset, kowace Juma'a kuma bayan la'asar ya kira wayar mai shagon bakin layinmu, in je in tsaya in jira.

A makon farko na ciwon abin da ya ce kaɗan ne. “Ƙafata ce ta ɗan kumbura, Inna. Takalmin roba ya ƙi shiga.” Na ce tsayuwa ce a ruwan ƙanƙara, ya shafa man zafi ya ɗora ƙafar a kan matashi. A mako na biyu ya ce da safe idanunsa ba sa buɗuwa sosai, abinci kuma ɗanɗanon ƙarfe yake yi masa, yana ci yana amai. Na ce ya sha habbatus-sauda da zuma. Ban tambaye shi fitsari ba. Kunya ta hana ni. Ku ku riƙa tambaya.

Mako na uku na tsaya a shago har aka kira magariba, waya ba ta yi ƙara ba. Washegari da hantsi sai ga Maryam a tasi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ashe daga asibitin tsibirin aka kira gidanta, aka ce ana neman uwar Abdurrahman.

“Yaya,” ta ce, “ɗanki ya faɗi a wajen aiki. An kwantar da shi.”

Na ce ta ba ni iƙamarta in tafi, tunda a takarda ita ce uwarsa, mace kuma da niƙabi ba a cika buɗe mata fuska ba. Ta dafe kai. Iƙamar tana wajen sabuntawa, kafilin mijinta ya karɓa tun watan jiya.

“Kwana goma, in sha Allahu. Tana fitowa zan aiko miki.”

Na sayar da keken ɗinkina. Akwai direbobin da ke ɗaukar irinmu marasa takarda, suna sanin inda za su sauka daga kwalta kafin wurin bincike. Kwana uku muka yi a hanya. Daga nan wani masunci ya sa ni a kwalekwalensa a wata gaɓa nesa da tasha, daga bayan asuba har la'asar muna kan ruwa. Ban taɓa sanin ruwa yana da yawa haka ba. Galan ɗin zamzam ɗina na rungume har muka isa.

Tsibirin gidajen farin dutse ne, ba itatuwa sosai, ruwan rijiyarsu da gishiri-gishiri. Asibitin ɗaki biyu ne, gado huɗu, likita ɗaya Basudane da nas ɗaya. Da na shiga na wuce gadonsa ban gane shi ba. Fuskar ta cika, wushiryar kawai na shaida da ya buɗe baki.

“Inna. Ta ina kika biyo?”

“Ta inda Allah ya buɗe. Kwanta.”

Likitan ya shigo ya ce, “Ummu Abdurrahman?” Na amsa. Tun daga ranar da wannan sunan nake amsawa. Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Ya zaunar da ni ya yi magana a hankali yadda Larabcina zai ɗauka. Kalma biyu suka maƙale mini har yau: fashal kilawi. Wato ƙodojin sun gaza. Ya ce abin da yake da shi a nan allura ce da ƙwayoyi masu rage ruwan jiki, amma jinin yaron yana bukatar inji ya wanke shi, injin kuma babu shi a tsibirin. Zai rubuta a kai shi Jidda. Na ce a sa shi a kwalekwale yadda na zo. Ya girgiza kai, ya ce wuni guda a rana a kan ruwa sannan mota, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Sai jirgin sama.

Bari in gaya muku yadda jirgin yake, don duk maganar a kansa take. Ƙarami ne, kujerunsa ba su kai goma ba. Sau ɗaya yake zuwa a mako, ranar Litinin da hantsi. Shi ke kawo jakar wasiƙu da magunguna da malaman makaranta, shi ke ɗaukar mara lafiya zuwa Jizan, daga can a sa shi a babban jirgi. Filin saukarsa fili ne kawai da aka daddaɓe aka kewaye da waya, da wata rumfa ta kwano, da wani jan buhu a kan sanda da ke nuna inda iska ta dosa. Kafin ya sauka sai wani mutum ya bi filin da a-kori-kura yana ta hon don korar awaki. Rabin garin na fitowa kallo. Kujerar mara lafiya ɗaya ce, sai ɗaya ta mai rakiya, wanda suke ce wa murafiƙ. Ran Lahadi ake rubuta sunaye, kuma sai an ga takardar kowa.

A mako na huɗu ba mu samu shiga ba, don ana jiran wasiƙar kafili da amsar cewa akwai gado a Jidda. Na je na tsaya a bakin waya na ga jirgin ya sauka ya tashi. Wasiƙar tana cikin jakar da ya sauke ran nan.

Wata tsohuwa ce ta ba ni masauki, Ummu Ali, matar wani masunci da teku ta ci. Ba ta tambaye ni komai ba, ta shimfiɗa mini tabarma kusa da tata. Ita ta koya mini dafa masa shinkafa ba gishiri, don likita ya hana gishiri, ya hana dabino da ayaba, ya hana kifi a garin da ba a cin komai sai kifi. Ruwa kuma kofi biyu a wuni. Nas ta ba ni kwalba mai zane-zane in riƙa auna fitsarinsa. Ni da ban iya tambayarsa a waya ba, ga ni ina ɗaga kwalba a hasken taga ina ƙirga layi.

A mako na biyar sai ya samu sauƙi. Allurar ta kama, kumburin ya sauka, ya zauna da kansa ya cinye faranti guda. Har tsokanar nas ɗin yake yi da Larabci tana dariya. Ran Asabar na bi layin waya, don wayar jama'a ɗaya ce a garin, a ofis, kowa minti uku. Maryam ta ce, “Yaya, albishirinki. An ce gobe iƙamar za ta fito. Akwai wani malami da zai koma tsibirin a jirgin Litinin, zan ba shi a cikin ambulan.”

Ran Lahadi likita ya shigo da fara'a yana kaɗa takarda. “Halas, ya Ummu Abdurrahman. An ba mu kujera biyu, gobe. Kawo iƙamarki a rubuta.”

Na ce tana hanya, goben za ta iso a jirgin.

Ya ce to sai dai yaron ya tafi shi kaɗai. Ba a rubuta sunan da ba a ga takardarsa ba.

Da ya fita na zauna a bakin gadon. Abin da ke raina shi ne mako ɗaya ne kawai. Takarda ta zo gobe, a rubuta ni Lahadi mai zuwa, mu tafi tare. Na tuna bai taɓa shiga jirgi ba. Na tuna za a sauke shi a Jizan a canza masa jirgi, ba wanda zai riƙe masa kwanon amai, ba wanda zai hana a ba shi ruwa. Na kuma kalle shi, ga shi zaune yana gyara farce.

“Yaya kake jin jikin?” na ce.

“Alhamdu lillahi. Kamar in koma aiki.”

“Za ka iya jiran mako guda?”

“Ni ma ba na son in bar ki a nan, Inna. Ba ki da takarda, ba ki san kowa ba. Amma yadda kika ce.”

Yadda na ce. Bai taɓa yi mini musu ba tun yana ƙarami. Da na ce masa tashi ka tafi, da ya tafi.

Na je na gaya wa likita mun fasa sai Litinin ta sama. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya buga tebur. Ya ce sauƙin nan na allura ne, ba na ƙoda ba. Ya ce, “Ya hajja, jirgin nan ba motar haya ba ce da za ki ce in ta wuce wata na zuwa.” Na sunkuyar da kai na ce mako ɗaya ne. Ya daɗe yana kallona. Ina jin tun ran nan ya gane akwai abin da muke ɓoyewa, amma bai tambaya ba. Aka ba wani dattijo da ya karye a ƙugu kujerar.

Litinin na je bakin waya. Malamin ya sauko, na tare shi. Ya ce ba wanda ya ba shi ambulan. Daga baya na ji kafilin mijin Maryam ne ya yi tafiya bai sa hannu ba. Na tsaya ina kallo aka ɗaga dattijon aka shigar, jirgin ya juya ya tashi. Sararin sama tas, ko gajimare babu.

Ran Laraba iska ta taso. Azyab suke ce mata, daga kudu take zuwa. Ummu Ali ta leƙa waje ta ga yadda masunta ke jan kwalekwalensu kan tudu, ta ce, “Wannan ba ta kwana uku ba ce.” Teku ta yi fari. Jan buhun nan ya miƙe samɓal a kan sandarsa bai ƙara sauka ba.

A mako na shida kumburin ya dawo, ya wuce na da. Fitsarin da yake kai layi huɗu ya koma biyu. Ƙaiƙayi ya kama shi har yana fitar da jini da farce, sai na ɗaure masa hannuwa da safa. Litinin jirgi bai zo ba. Na koma wajen likita na ce na yarda, ya tafi shi kaɗai, ko yau. Bai ce mini ai na gaya miki ba. Ya ce, “Sunansa ne na farko. Ki roƙi Allah ya kwantar da iska.”

Shawara kuwa ta zo ta kowane gefe. Maryam ta ce a waya matan Sharafiyya sun ce nonon raƙumi. Wata ta ce a yi masa rubutu ya sha. Ummu Ali ta kawo wani tsoho mai ƙona ciwo da jan ƙarfe, likita ya tare shi a ƙofa ya mayar da shi cikin girmamawa. Ni zamzam ɗina na dogara da shi. Amma an rage masa ruwa zuwa kofi ɗaya a wuni. Sai na riƙa jiƙa auduga ina goga masa a leɓe. Yana tsotsar audugar yana kallon galan ɗin.

“Inna, kurɓi ɗaya. Ba zan gaya wa daktur ba.”

“Ka yi haƙuri.”

“Kin ɗauko shi tun daga Jidda, kuma ki hana ni?”

Na ɗauke galan ɗin na kai gidan Ummu Ali don kada ya riƙa gani.

Litinin ta mako na bakwai iskar ta ɗan lafa da safe. Likita ya ce a shirya. Muka sa shi a bayan mota a kan katifa muka kai shi rumfar kwano. Muka ji ƙarar jirgin, muka gan shi. Ya sauko har ina ganin tayoyinsa, sai iska ta kaɗa shi gefe, ya ɗaga. Ya zagayo ya sake gwadawa, ya sake ɗagawa. Sannan ya miƙe ya nufi inda ya fito, yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Yaron ne ya ce, da ƙyar, “Ya ga fuskata ne ya tsorata.” Direban motar ya yi dariya, sannan ya juya baya yana share ido.

Makon da ya biyo baya ba na son tuna shi, amma don shi na ɗauki biro. Fitsari ya tsaya cak. Shaƙuwa ta kama shi ba ta saki. Ba ya iya kwanciya, sai a zaune, na jingina shi a ƙirjina in ji numfashinsa kamar ana tafasa ruwa. Bakinsa yana wani irin wari. Hankalinsa yana tafiya yana dawowa. Wani lokaci ya kira nas Goggo, wani lokaci ya tambaye ni ko an kashe injin ƙanƙara. Likita ya yi ta buga waya har muryarsa ta dushe. Ina jin sa ta bango yana cewa yalla, yalla, mutum na mutuwa a hannuna.

Ran Lahadi iska ta kwanta kamar ba a taɓa yi ba. Da safiyar Litinin Ummu Ali ta riƙe hannuna a ƙofar gida. Ta ce ta ji wannan karon akwai askari, wato ɗan sanda, a jirgin daga babban gari, yana duba takardar duk baƙon da ya matso. Ta ba ni abayarta da niƙabinta irin na matan tsibirin. Ta ce, “Ki tsaya cikinmu. Mu ba a tambayarmu.” Ashe ta daɗe da sani.

Na je na same shi idonsa biyu, hankalinsa ya ɗan dawo. Na sunkuya kusa da kunnensa.

“Ka ji ni? In askari ya tambaye ka ko ni wace ce, ka ce maƙwabciya ce 'yar garin nan. Kada ka ce uwarka. In ya nemi takardata ya rasa, zai duba taka da kyau, su sauke ka. Ka ji?”

Ya ɗaga kai.

“Maimaita.”

“Maƙwabciya ce.”

Jirgin ya sauka lafiya. Maza huɗu suka ɗauki katifar. Na yi niyyar tsayawa bayan waya tare da mata, wallahi na yi niyya. Amma da aka wuce da shi sai na ga hannunsa ya zamo yana lilo, ban san lokacin da na bi su na kama hannun ba. Har gindin jirgin. Askarin ya karɓi iƙamar, ya kalli hoto, ya kalli kumburarriyar fuskar, ya mayar. Sannan ya nuna ni da haɓa.

“Wannan fa? Uwarka ce?”

Likita yana tsaye a gefe, ya kafa ido a ƙasa. Yaron ya buɗe ido ya kalle ni ta tsagar niƙabin. Ya daɗe, har na ji tsoron hankalin ya sake tafiya. Sannan ya ce da Larabci, a fili, kowa ya ji:

“A'a. Maƙwabciyarmu ce.”

Askarin ya ce to in koma bayan waya. Na saki hannun. Aka rufe ƙofa. Kujerar murafiƙ ta tafi ba kowa a kanta.

Shi awa kaɗan suka kai shi Jidda. Ni kwana biyar: biyu ina jiran masuncin da zai yarda ya ɗauke ni, uku a hanya. Da na iso Maryam tana asibitin da katin murafiƙ a wuyanta. Iƙamarta ta fito kwana biyu bayan tashin jirgin. Ta ce tun a Jizan ya suma, bai farfaɗo ba.

Kwana shida muka yi a babban asibitin. Baƙi awa ɗaya ake ba su bayan la'asar, ni kuma baƙuwa ce. Tun azahar nake zuwa in kama layi a bakin ƙofa, mata a gefe maza a gefe, mai gadi yana ƙirga mu kamar awaki. Wani lokaci Maryam ta fito banɗaki mu yi musayar kati da abaya, in samu in zauna har magariba. Na ga injin da muka yi ta jira. Bai kai firji girma ba. Jininsa yana fita ta wata roba yana dawowa ta wata, shi kuma yana kwance bai san ana yi ba. Abdurrahman kullum yana zuwa, amma a wajen ajiye motoci yake tsayawa. Ba zai iya shiga ba, tunda a takarda shi ne a kan gadon.

Likitan can ya shigo wata rana ya ce, “Ina uwarsa?” Na yunƙura, sai na tuna, na koma na zauna. Maryam ta miƙe. Ya ce dafin ya daɗe a jini har ya taɓa ƙwaƙwalwa da zuciya. Ya duba takardun ya ce ya ga an ba shi kujera tun makonni uku kafin zuwansa, me ya hana? Maryam ta ce iska ce. Ba ta kalle ni ba, har yau kuma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Allah ya biya ta.

Ranar Juma'a da azahar ya cika. Ina layi a waje. Maryam ce ta dangwala yatsa aka ba da gawar.

Na gode wa Allah, Shi ya ba ni kuma Shi ya karɓa. Na gode wa likitan tsibirin da nas ɗinsa, da Ummu Ali da ban san ko tana raye ba, da masuncin da ya ƙi karɓar komai a dawowa. Amma ba zan ɓoye ba, raina yana da ƙorafi. Gari guda da mutane da 'ya'yansu, a ce ransu yana rataye a jirgi ɗaya mai zuwa sau ɗaya a mako, in iska ta yarda. Sa hannun minti ɗaya ya tsare takarda wata biyu. An haifi yaro a gari ya girma a cikinsa, sai ya ari sunan wani kafin a kira shi mutum. Waɗannan ban san wanda zan kai wa ba, kuma ban ga alamar za su canza ba. Injin ƙanƙarar yana nan yana aiki, an ce ɗan wata ne daga Khumra ya maye gurbin, ban tambayi da sunan wa ya tafi ba.

Abin da ke hannunku shi zan gaya muku. In ƙafar ɗanku ta kumbura ku tambaye shi fitsari, ku ajiye kunya. In yana aiki a inda sai jirgi ke zuwa, ranar da aka ce ga kujera ku sa shi a ciki, ko shi kaɗai, ko yana kuka, ko ya ce muku ya warke. Kada ku ce mako ɗaya ne. Kuma kafin ku ari takardar ɗan wani, ku tuna ba aiki kaɗai za a yi da ita ba. Abdurrahman yanzu matacce ne a wajen hukuma. Matarsa na da ciki, bai san da sunan wa za a rubuta abin da za ta haifa ba. Duk da haka kowace safiya sai ya biyo ya ajiye mini burodi kafin ya wuce gareji. Idan ya yi murmushi ina kawar da kai saboda wushiryar.

Kun san kaburburan garin nan ba a rubuta suna a kansu. A littafin maƙabarta Abdurrahman aka rubuta, a takardar asibiti Abdurrahman, a jerin sunayen jirgin Abdurrahman. Maganarsa ta ƙarshe da na ji a duniya ita ce wadda na koya masa da bakina. Na zauna na duba, babu wuri ɗaya a ƙasar nan da aka rubuta cewa ya taɓa zuwa, babu kuma inda aka rubuta cewa nawa ne.

Don haka ku yafe mini, yau zan karya al'ada. Duk wadda ta karanta ta sa shi a addu'a, kuma ta kira shi da sunansa, kada addu'ar ta tafi wajen mai rai.

Ni ba maƙwabciyarsa ba ce. Ni na haife shi. Sunansa Sulaimanu.